Kyaftin ɗin da ya tafi gida da raga

An yi wani mutum a nan kudu, a garin Montaresse. Ba zan kama sunansa ba. Dogo ne, in ya saki ƙwallo kuwa sai cikin kwando.

A rumfar kasuwar agwagi aka haifi ƙungiyar ƙwallon kwandon garinsu. Da safe a ci kasuwa, da rana a wanke daɓe a shimfiɗa katako, da yamma a yi wasa gashin agwagi na yawo a iska. Daga gasar ƙauyuka suka faro, suka yi ta hawa har rukunin farko na ƙasa. Manyan ƙungiyoyin birni su zo suna toshe hanci, su koma an lallasa su. 'Yan badujala su busa, tsofaffi su cashe, a jera dogon teburi kowa ya ci wake da naman agwagwa.

Su wa suka kai su can? 'Yan sa-kai. Shi ya sa suke da al'ada: ranar da aka ɗauki kofi, kyaftin zai hau tsani ya yanko ragar kwando, a yayyanka ta zare-zare, a raba wa mai shara, da direba, da mai girki, da makaɗi.

Shekarar da suka ci kofin ƙasa, mutumin nan ne kyaftin, shi ya jefa ƙwallon ƙarshe. Rumfa ta ɗauki ihu. Mahauci ya rungume likita, limamin coci ya jefa hularsa sama bai ƙara ganinta ba. Mutumin ya hau tsani, ya yanke raga, ya dubi ƙasa, ya ji gari guda na kiran sunansa. Nan Shaiɗan ya same shi. Sai ya rataya ragar a wuyansa.

Goggo Odile mai girki tana ƙasa da almakashi. Ta ce, "Sauko mana, ɗan nan, ko sai na hau na ɗauko ka? Miƙo ragar, wakena na hucewa."

Ya ce, "Goggo, wa ya jefa ƙwallon? Ke ko ni?"

Baba Peyo mai ganga ya tuntsire da dariya. "Kai, ku ji ɗan banza! Ranar da ka fara zuwa nan wandonka zamewa yake yi, ni na ɗaure maka shi da igiyar buhu!"

Kowa ya yi dariya, ban da shi. Ya ratsa taro da raga a wuya, ya yi gida.

Ba wanda ya zage shi, ya 'yan uwa. Biki suka ci gaba da yi. Shi ne ya daina zama a dogon teburi. Ya daina miƙa wa abokan wasa ƙwallo. Daga nan ya ce a rataye rigarsa a rufin rumfa, girmamawar da ba a yi wa kowa sai ya daina wasa gaba ɗaya. Aka ce ya yi haƙuri lokaci ya yi. Ya yi fushi ya koma wata babbar ƙungiya a arewa.

A can kowa gwani ne. Ya zauna a benci, gwiwa ta kama shi, aka sallame shi. Ya yi ta gangarowa daga wannan ƙungiya zuwa waccan har aka daina nemansa. Goggo Odile ta aika masa ya dawo, kujerarsa na nan. Ya ce shi ba abin tausayi ba ne.

Ƙungiyar garinsu kuwa ba ta tsaya ba, har ta kai wasan ƙarshe na kofin Turai. Ran nan yana wani shagon shayi kusa da tashar jirgin ƙasa, inda ba wanda ya san shi, yana kallo a talabijin. Aka tashi wasa, sun ci. Ga Baba Peyo na dukan ganga yana hawaye, ga Goggo Odile an ɗaga ta sama. Bai san lokacin da ya miƙe ba, yana ihu, "Mun ci! Mun ci!"

Mai shago ya ɗago kai daga goge kofi. Ya ce, "Ku da wa, malam?"

Mutumin ya sauke hannuwansa. Ya koma ya zauna.

To mu fa? Wa ya share shimfiɗar da kuke zaune a kai? Wa ya buɗe ƙofar nan da asuba cikin sanyi? Kun san sunansa? Ba ku sani ba, kuma bai dame ku ba! Amma a gama aiki, sai ka ga masu ruguguwar tsayawa gaban hoto. Butulci ke nan, girman kai ke haifarsa, kuma ƙarshensa ka wayi gari ba ka da waɗanda za ka yi murna tare da su. Nasara daga Allah take, ta hannun mutane da yawa. Ku tashi yau ku nemi wanda ya yi muku hidima, ku gode masa ido da ido.

Allah ya kiyaye mu daga girman kai, ya sa mu cikin masu godiya, kada ya raba mu da jama'armu ranar farin ciki. Amin.