Lamunin da Dabo Bai Je Ya Ji Ba

Dabo malamin ofishin gona ne a Keffi, mutum mai kirki, sai dai gaggawa ta yi masa yawa, kuma ba ya son tambayar da za ta sa shi jin nauyi. A shekarun da kuɗin mai ya shigo gari, ya ci bashin banki ya gina gida mai ɗaki shida a Sabon Gari, ya jinginar da takardar filin. Lissafinsa shi ne kuɗin haya ya riƙa biyan bashin wata-wata.

Fenti bai gama bushewa ba sai ga wani ɗan kwangila, Husaini, yana son gidan gaba ɗaya. Ya ce kuɗinsa sun maƙale a ma'aikata, a ba shi wata uku. Washegari Filomina mai sayar da abinci a tasha ta tare Dabo a hanya. Ta ce mutumin ya zauna a gidan yayanta, ya fita da hayar wata bakwai a kansa.

Da Dabo ya tayar masa da zancen, Husaini ya yi murmushi. "Ranka ya daɗe, ai Modibbo Abu na Gangaren Tudu ne ya tsaya mini. Ko ba ka yarda da shi ba?"

Modibbo surukin Dabo ne, mahaifin matarsa Rahamatu. Shekara tara ke nan bai taɓa haɗa ido da shi ba, ko sunansa ba ya kamawa. Ya za a yi ya durƙusa gabansa ya ce, da gaske ka tsaya wa wane? Rahamatu ta ce ita za ta je ta tambaya, gidan ubanta ne. Ya hana ta, wai za a ce yana tuhumar dattijo. A ranar ya miƙa makullai.

Wata uku ya wuce, na huɗu, na biyar. Kullum Husaini gobe. Banki ya aiko takarda, ya sake aikowa, ta uku da jar tawada: wa'adin kwana goma sha huɗu. Dabo ya daina cin abinci sosai. Saura kwana biyu ya je gidan, ya tarar Husaini ya gudu, ƙofofi a buɗe, har fankokin silin an kwance.

Sai a lokacin ya ja Rahamatu suka tafi Gangaren Tudu. Ya tsuguna a bakin zaure, kansa a ƙasa, ita ta yi bayani.

"Sau ɗaya na taɓa ganinsa, ya zo gaisuwa da goro," in ji Modibbo. "Ban tsaya wa kowa ba. Daga gidanka zuwa nan tafiyar minti nawa ce, Dabo?"

Ranar Litinin aka manna takardar gwanjo a jikin gidan.

Darasin da ke nan shi ne, lamuni ba ya tabbata da ambaton sunan babban mutum. Duk wanda zai ba da haya ga mai tarihin ƙin biya, ya taka ya ji daga bakin wanda aka ce ya tsaya, a gaban shaidu. Kunya ado ce, amma idan ta hana mutum tambayar da ta zama dole, shi kaɗai zai ɗauki asarar.