Naman Shagon Maman Tochi

Akwai wata mata a Samaru mai suna Rahamatu, matar wani mahauci da ake kira Zailani. 'Yan unguwa Maman Muntasir suke ce mata. Mace ce mai son mutane, ba ta da rowa, sai dai waya ba ta barin hannunta, rediyonta kuma a kunne yake tun safe har ta sauke tukunyar rana.

A bakin layinsu akwai shagon abinci na wata 'yar Ibo, Ugomma, wadda aka fi sani da Maman Tochi. A Sabon Gari aka haife ta, in tana Hausa sai ka rantse Bazazzagiya ce. Mijinta ya rasu, shagon nan shi ne cinta da na 'ya'yanta, shi ne makarantarsu.

Ɗalibai da 'yan acaɓa da leburori duk wurinta suke ci, Musulmi da Kirista, don kowa ya san ba ta sayen nama sai a teburin Zailani. Shi ke yankawa, shi ke aiko mata kullum da safe. Matan biyu kuma sun shaƙu. Ranar sunan autar Rahamatu, Maman Tochi ce ta tsaya kan tukunyar shinkafa har aka watse.

Wata rana aka turo wani bidiyo a guruf ɗin matan unguwa. Wata mata ce a durƙushe ta rufe fuska da gefen zani, mutane sun kewaye ta suna ihu, ga baho cike da nama a gabanta. A ƙasa an rubuta wai an kama mai abinci a Samaru tana dafa wa mutane mushe. Babu suna, babu ranar da abin ya faru.

Da yamma wani gidan rediyo ya ɗauki maganar a shirin da ake buga waya. Mai gabatarwa ya ce ba su tabbatar ba tukuna, amma ya buɗe layi. Wannan ya kira ya ce ai ya daɗe yana zargi. Wancan ya ce ƙaninsa ya kwanta ciwon ciki bayan ya ci abinci a Samaru. Kafin a rufe shirin, maganar ta tashi daga "wai" ta koma "ai".

Rahamatu ta sake kallon bidiyon, ta sake, sai idonta ya tsaya a kan zanin. Shuɗi ne mai zanen fitila, irin wanda take ganin Maman Tochi da shi ranar Lahadi. Ta tuna sau nawa yaranta suka ci abincin shagon nan.

Ba ta leƙa bakin layi ba, ba ta jira mijinta ya dawo ba. Ta danna waya ta tura saƙon murya a guruf ɗin: "Jama'a, wallahi na gane zanin nan. Na Maman Tochi ne, maƙwabciyarmu. Kowa ya ja wa yaransa kunne."

Ba ta sani ba, zanin nan anko ne na zumuntar matan coci. Daga Sabon Gari zuwa Palladan, har garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba, mata ba iyaka suna da irinsa a akwati.

Washegari tana wanke-wanke sai ta ji muryarta a rediyo. Wani ya tura musu saƙon, mai gabatarwa ya ce ga wata maƙwabciyar matar ta tabbatar da labarin. Allah Ya yafe mana, a lokacin har daɗi ta ji. Ta kira yayarta a Hanwa ta ce, "Yaya, kin ji ni kuwa a rediyo?"

Ranar babu wanda ya zauna a shagon Maman Tochi. Shinkafa ta huce a kula, miya ta kwana, aka zubar. Yara suka riƙa wucewa suna toshe hanci. Tochi ya dawo daga makaranta yana kuka, wai ana ce masa ɗan mai mushe. Wanda ya ba ta hayar shagon ma ya aiko cewa in maganar ba ta mutu ba ta nemi wani wuri, shi ba zai bari a ƙona masa gini ba.

To, magana in ta fita ba ta tsayawa inda ka ajiye ta. Sai mutane suka fara tambaya, wa ke kawo mata naman? Kafin mako ya zagayo teburin Zailani ya zama abin nuni a kasuwa, har sarkin fawa ya kira shi gaban 'yan'uwansa mahauta.

Zailani ya shigo gida da rana tsaka, nama a buhu bai sayu ba. Ya ajiye a tsakar gida.

"Rahamatu, an kunna min wata murya yau a gaban sarkin fawa. Ta wace ce?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam, ai kowa ma faɗa yake yi. Har rediyo sun faɗa."

"Rediyo ke suka jiyo! Ke kuma wa kika jiyo?" Ya nuna buhun. "Ni nake yanka naman da matar nan ke dafawa. Ke kike wanke min rigar aiki. To mushen daga ina ya fito, daga hannuna?"

"Na ɗauka ko tana haɗawa da wani ne a ɓoye."

"Kin ɗauka. Daga nan zuwa shagonta ko takalmi ba sai kin sa ba."

Hawaye kawai take yi.

Daga baya wasu ɗalibai suka binciko asalin bidiyon. Tsoho ne, a wata jiha can daban aka ɗauke shi, shekarun baya. Gidan rediyon ya gyara maganar a gurguje ana shirin sa talla. A guruf kuwa babu wadda ta tura gyaran, an riga an koma hirar tsadar gas.

Rahamatu ta sa hijabi ta nufi bakin layi. Ta tarar da Maman Tochi ita kaɗai tana korar ƙuda daga kan kula.

"Maman Tochi, don girman Allah ki yafe min."

Maman Tochi ta dube ta. "Maman Muntasir, da baƙo ne ya faɗa, da ban ji zafi haka ba. Amma ke? A rediyo kika ɓata ni, yanzu a cikin shago za ki gyara, ni da ke da ƙuda?"

Ta ɗauko faranti ta zuba shinkafa da miya, ta ɗora nama, ta fita da shi waje ta ajiye a kan bencin da ke bakin titi.

"In kin yarda ba mushe ba ne, zauna nan ki ci."

Ku da kuka san tarbiyyarmu kun san nauyin abin da ta nema. Matar aure, uwar manyan yara, ta zauna bakin titi tana cin abinci maza na wucewa? Rahamatu tun da aka kawo ta unguwar ba ta taɓa ko shan ruwa a waje ba. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ta zauna. Ta sa cokali ta fara ci.

Wani ɗan acaɓa ya rage gudu yana dariya. "A'a, Maman Muntasir! Yau ke ce da kanki a kan mushen?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yankan mijina ne. Ni ce na yi mata ƙarya. Ka faɗa wa duk wanda ka ɗauka yau."

Dariyarsa ta ɗauke. Ya kashe mashin, ya ce a zuba masa shi ma.

Shi kaɗai ya ci ranar. Wasu tsofaffin masu saye sun dawo daga baya, wasu kuwa har yau in ka ambaci shagon sai su ce, ba shi ne wanda aka faɗa a rediyo ba?

Da Rahamatu ta cinye, ta miƙa faranti ta ce, "Kin yafe min?"

Maman Tochi ta karɓa ta jefa a ruwan wanke-wanke. "Mutanen da suka ji muryarki suna da yawa, Maman Muntasir. Gobe ma ki dawo."

Darasi: Ba duk abin da ya fito daga rediyo ko waya ne gaskiya ba, wani lokaci jita-jitarmu ce suke dawo mana da ita da babbar murya. 'Yan'uwana iyaye, ni dai abin nan yana ba ni tsoro, don yaranmu suna kallon yadda muke yi. Kafin ki danna waya a kan wani, tashi ki je ki tambaya. Ku tura wannan zuwa guruf ɗinku, musamman wanda aka fi turo irin waɗancan bidiyoyin.