Maƙwabcin Ɗakunan Sarki

An ce wani sarki, a wani gari da ayari ke yada zango, ya gina ɗakunan haya jere-jere domin fatake. Da rani ɗakuna suka cika maƙil, har baƙi na kwana a zaure. Sarki ya ɗauka haka abin zai dawwama. Ya ƙaro dawaki, ya ɗinka wa fadawa riguna, ya sa magina suka ɗora sabon soro, duk a kan hayar watannin da ba su kama ba tukuna.

Wazirinsa Jatau, tsoho ne mai fuskar liman da zuciyar ɗan wasa. Ya ce, "Ya sarki, a riƙa ajiye wani abu, domin fatake ba 'yan gari ba ne." Sarki ya ce tsufa ne ya sa masa tsoro.

Damina ta sauka, koguna suka kawo, fatake suka koma gida noma. Ɗakuna suka zama wayam, sai gara da ɓeraye, ga magina a ƙofar fada suna jiran haƙƙinsu. Sarki ya fusata, ya sa aka yi shela cewa duk ɗakin da ya kwana babu ɗan haya, maƙwabcin da ya fi kusa da shi ne zai biya. Nan da nan dogarai suka kama akuyar wata tsohuwa mai fura, Tabawa, maƙwabciyar ɗakunan, ta zo wa waziri da kuka.

Jatau ya rarrashe ta, ya shiga fada ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Ya sarki, dokar nan ta yi kyau. Sai dai akwai wani maƙwabci mai taurin kai, ina jin ba zai biya ba."

Sarki ya ce, "A ƙasata? Wane ne shi?"

"Ina jin nauyin sunansa, ranka ya daɗe. Amma yana da dawaki."

"Ko ɗan cikina ne, a kama mafi kyau a cikinsu!"

"A gaban fadawa sarki ya faɗa?"

"A gabansu na faɗa."

Aka ɗunguma zuwa ɗakunan, waziri na gaba da igiyar awo. Tsakanin ɗakunan da gidan Tabawa akwai lungu guda. Da aka zaga baya kuwa, sai ga ɗakunan sun jingina da wata doguwar katanga, ko allura ba ta ratsawa.

Sarki ya ce, "Katangar wa ce wannan?"

Sai wani doki ya yi haniniya daga ciki. Sarki ya gane muryar akawalinsa, baƙin dokinsa. Jatau ya sunkuyar da kai ya ce, "Bayan bargar sarki ne. Mu kamo shi yanzu, ko a ba mai shi wa'adi?"

Fadawa suka riƙa cusa bakin rawani a baki. Sarki ya dubi katangar, sai dariya ta ƙwace masa. Ya ce, "Ya waziri, to wa ke biyan hayar ɗakin da ba kowa?"

Jatau ya ce, "Mai ɗakin, ya sarki. Watan cika shi ke ciyar da watan wayam, in an rage masa."

Sarki ya soke dokar, ya mayar wa Tabawa akuyarta, ya sayar da dawakin da ya ƙaro ya sallami magina. Ya umarta a riƙa ware kaso daga hayar rani saboda damina. Sa'an nan ya dubi fadawa ya ce, "Wanda ya ci riba shi kaɗai, ba adalci ba ne ya gayyato talakawa cin asara."