Ranar da Giwa Ta Durƙusa a Bakin Rafi

"Ga ta nan tafe gare ku!"

"Ta iso, muna saurare."

Dabbobin wani ƙauye ne rafi ya raba su da kasuwa da gidan magani. Kowace damina amfanin gonarsu sai ya ruɓe, marar lafiya ya cika a bakin gaɓa. Bushiya ta jagorance su, suka kai kuka birni wurin Zaki, a taimaka musu da gada.

Zaki ya aiki Raƙumin Dawa ya dubo. Ya komo ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan ko gwiwata bai kai ba. Raki ne irin na 'yan ƙauye."

Bushiya ta ce, "Ai gwiwarka ta fi rufin ɗakina tsawo!"

Fada ta kwashe da dariya, aka sallame su.

Giwa kaɗai ba ta dara ba. Ta bi su har rafin, ta ce, "Bushiya, daga ina kike kallon ruwan nan?"

"Daga nan ƙasa, ranki ya daɗe."

Jama'a, sai Giwa ta durƙusa! Ƙasa ta girgiza, tsuntsaye suka yi tsit. Ta kwantar da kai har idonta ya yi daidai da na Bushiya. Nan ta ga ruwa ya taso mata kamar tsauni, yana ruri.

Giwa ta shiga rafin ta kwanta a tsakiya, ta ce, "Ku bi ta bayana. Ba zan tashi ba sai an kafa gada."

Labari ya kai wa Zaki, ya zo da kansa. Shi ma ya sa haɓa a ƙasa kusa da Bushiya, ya duba. Ya ga ruwan kamar tsauni, yana ruri.

Can ya ce, "A kawo itace, a kafa gada."

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɗan kusu!