Malam Maigandi da Kallon Bayan Katanga

Salamu alaikum 'yan uwa mabiya wannan shafi. Kun ji ni shiru kwanakin baya. Gwaggona Zainaba ce ta rasu, kuma tun daga ranar layinsu ya rasa muryar da ta fi kowace murya ƙarfi. Amma ba kuka na zo in sa ku ba. Labarin mijinta na kawo maku.

Akwai wani dattijo a unguwar Gidan Dahala, cikin birnin Sakkwato, ana ce da shi Malam Maigandi. Manomi ne, yana da fadama a Kwalkwalawa inda yake noman albasa da shinkafa. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya son hayaniya, kuma in ya raina abu to ya raina shi ke nan.

Babu abin da ya raina kamar wani shiri mai dogon zango da ake nunawa a talabijin duk ranar Asabar bayan la'asar. Labarin wani direba ne mai suna Gazali, wanda aka ɗora wa laifin ƙona rumbun maigidansa. Da lokaci ya yi, matan layin sai su cika tsakar gidan Maigandi, don matarsa Zainaba ce kaɗai mai talabijin da batirin sola, ko an ɗauke wuta ba ruwanta.

Zainaba ba ta iya kallo baki rufe ba.

"Gazali, kada ka shiga! Tarko anka yi maka!"

Maigandi yana zaune ƙofar ɗakinsa, ya juya masu baya, yana ɗinkin buhunan albasa. Sai ya yi tsaki.

"Ke Zainaba, mutumin nan shina can ya ci tuwonai ya yi kwana, ke kina nan kina ƙona mani miya."

"Malam, toshe kunnenka."

"Mata goma, kun tasa akwati gaba kuna yi mashi kuka. Allah ya shirya."

Haka suka yi shekaru. Yana tsaki, suna ihu, ba wanda ya fasa.

Da Allah ya karɓi Zainaba, aka yi zaman makoki aka watse. 'Ya'ya suka koma gidajensu. Matan layin kuwa suka ɗauke ƙafa, ba don ƙi ba, sai don gidan da babu mace a ciki matan aure ba sa zama cikinsa. Maigandi ya samu shirun da ya daɗe yana nema, ya kuma gane ba zai iya zama da shi ba.

Ya rufe talabijin da zane. Ya daina zuwa fadama. Abincin da maƙwabta ke aikowa sai ya koma kamar yadda ya zo. Cikin ɗan lokaci rigunansa suka yi masa yawa.

Maƙwabcinsa Illo, abokinsa tun ƙuruciya, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, ya yi lallashi har ya gaji.

"Maigandi, so kake ka bi ta? Ci ko loma biyu."

"Na ƙoshi."

"Da mi ka ƙoshi, da iska?"

Wata Asabar Maigandi yana kwance a tabarma gindin katanga, sai ya ji muryoyin mata daga gidan Illo. Sun taru wurin Tani, matar Illo, sun haɗa kai a kan wata 'yar waya suna kallon Gazali.

"Matsa, ba ni gani!"

"Ƙara murya mana!"

"Wayyo, caji ya ƙare!"

Can sai ya ji Tani ta ce a hankali, "Allah ya jiƙan Zainaba."

Washegari da safe Maigandi ya ɗauki talabijin a ka, ya rungumo batirin, ya yi sallama a zauren Illo. Fuskar nan a murtuke.

"Ba Tani wannan. Tsare mani wuri take yi."

"Maigandi, ka tabbata?"

"In ba ku so in kai ta bola."

Asabar ta zagayo. Bayan la'asar ihu ya tashi a gidan Illo kamar ana biki. Maigandi ya ce wa kansa inuwa ta fi kyau gindin katanga, shi ya sa ya ja tabarmarsa can. Ya kishingiɗa, ya rufe ido. Ba ya ganin komai, amma yana jin komai. Ranar ya sha furar da aka aiko masa har rabin kwano.

Matsala ɗaya matan suka samu. Ashe duk shekarun nan Zainaba ce ke riƙe masu labarin. Ita ta san wane ɗan wane, wa ya ce me, yaushe aka yi kaza. Yanzu da ba ta, sai suka rikice. Asabar ta gaba gardama ta kaure.

Tani ta ce, "Ni dai na gama da Gazali. Shi ya ƙona rumbun nan. Dubi idonai, idon marar gaskiya."

Wata ta ce, "Ai an gan shi bakin rumbun ranar."

"Wallahi an gan shi!"

"Allah ya isa, Gazali! Mutumin da ya riƙe ka kamar ɗa!"

Maigandi ya juya a tabarma. Ya tashi zaune. Ya sake kwanciya. Ya ja casbi. Da ya ji gaba ɗaya sun haɗu a kan bawan Allah suna tsine masa, bai san lokacin da ya miƙe ya dafa katanga ba.

"Kai, ku ji tsoron Allah! Ranar gobarar Gazali shina asibiti wurin uwatai! Wanda anka gani bakin rumbu Siddiƙu ne, ƙanen maigidan, rigar Gazali ya sa! Ba ku tuna ya zo ya are ta ba?"

Matan da ke gidan Illo suka waigo suka zuba wa katanga ido. Ko yara ba su motsa ba.

Can Tani ta ce, "Malam... kai ne?"

Maigandi ya dafe bakinsa. Amma magana ta riga ta tsallake katanga.

Dariyar da aka yi ranar, har masu wucewa a layi sai da suka tsaya. Tani tana riƙe da ciki tana cewa, "Shekara da shekaru munka ɗauka buhu kake ɗinki! Ashe kai ne babban ɗan kallo!"

Illo ya zagayo da gudu, takalmi ƙafa ɗaya, ya same shi tsaye yana muzurai.

"Ni ba kallo nike ba. Zalunci ne ba ni so."

"Na sani. Taso ka hana zaluncin daga kusa."

Ya ja shi da ƙarfi. Aka ajiye wa dattijan biyu kujeru a bakin zaure, mata suna can kan tabarmi ƙarƙashin rumfa. Karo na farko Maigandi ya ga fuskar Gazali da idonsa. Ya ƙura masa ido, ya ce, "Wanga ɗan siriri ne? Ni na ɗauka ƙato ne!" Aka sake fashewa. Shi ma ya yi dariya, har ya sa hannun riga ya share ido, kowa ya yi kamar bai gani ba.

Da aka gama, Tani ta aiko da tuwon shinkafa da miyar kuka. Illo ya buɗe kwano ya tura gaban Maigandi. Suna ci suna gardama kan abin da ya kamata a yi wa Siddiƙu, har Maigandi ya sa hannu ya ji ƙasan kwano.

"Illo, babu ƙari?"

Kafin sati ya zagayo ya koma fadamarsa. Yanzu shi ne mai riƙe wa layin labari, kuma in ana maganar ihu, Tani ta ce har ya fara wuce marigayiya. Satin da ya wuce aka gayyace shi ɗaurin aure a Wamakko ranar Asabar. Ana shafa fatiha ya haye babur, bai tsaya cin abinci ba. Da aka ce ina saurin zuwa, sai ya ce, "Yau ake kai Gazali gaban alƙali. In ba ni nan, matan can ɗaure shi za su yi."

Darasi: Kada ka raina abin da ke sa iyalinka dariya matuƙar bai saɓa wa Allah ba. Hayaniyar da ke damunka yau, ni'ima ce da za ka nema wata rana. Kuma abin alherin da ka miƙa wa maƙwabci bai bar gidanka ba, zai dawo maka lokacin da ka fi bukata. Ku tura wa wanda kuka san yana da irin halin Malam Maigandi, ku kuma leƙa dattijan da aka bari su kaɗai a unguwanninku.

Ina roƙon duk wanda ya karanta ya taya ni addu'a. Allah ya jiƙan Gwaggo Zainaba, ya haskaka kabarinta, ya jiƙan namu da naku da suka riga mu, ya bar gidajenmu cike da muryoyin waɗanda muke so. Ku ce amin.