Dambun Surukar Cindo

Ku zo nan ku zauna, dukanku. Kai Sagiru ajiye wayar nan. Tun da 'yan sanda suka aiko wa ƙaninku ya je su yi masa tambayoyi kuke musu a kaina, wannan ya ce mai gaskiya ba ya tsoron komai, wannan ta ce a nemo lauya, har kaina ya yi ciwo. Ku saurara.

An yi wani sarki mai son adalci amma mai saurin gajiya da dogon zance, yana da waziri, Na'iya, wanda shekaru suka ƙara masa hikima suka rage masa haƙuri. Wata rana da azahar rumbun sarki ya ƙone, kafin la'asar Sarkin Dogarai Jatau ya kawo wani manomi mai suna Cindo, ya ce ya yi iƙirari da bakinsa, saura a ƙwace gonarsa a kore shi daga ƙasar.

Sarki ya dubi waziri ya ce, "Tun da na naɗa Jatau, ba wanda ya shiga zaurensa ya fito ba laifi. Ka gano mini, talakawana ne duka miyagu, ko tambayar ce ke haifar da laifin? In ba ka kawo hujja ba, hukunci ya tabbata."

Waziri ya sami Cindo a tsare, ya tambaye shi yadda aka yi. Cindo ya ce dogarai cewa suka yi ya zo a gaisa kawai, shi kuwa ya ga rashin ladabi ne ya tambayi dalili. Da aka ce ina yake da azahar sai ya ce gona, maƙwabcin gonarsa ya ce bai gan shi ba. Sai ya ce kasuwa, ashe ranar ba ta ci. Daga nan Jatau ya tsara labarin gobarar tun daga ƙyastu har toka, shi kuma, tunda ba a musa wa babba, ya yi ta cewa haka ne, ranka ya daɗe.

Waziri ya ce to ina yake. Cindo ya sunkuyar da kai, da ƙyar ya ce gaisuwa ya je gidan surukarsa, yunwa ta ci ƙarfinsa, aka ajiye dambu, ya zauna ya cinye a gabanta.

Waziri ya dube shi ya ce, "Bawan Allah, za ka bar gonar ubanka da 'ya'yanka don kada a ce ka ci dambu a gidan surukai?"

Cindo ya ce wallahi korar ta fi masa sauƙi.

Waziri ya fito yana ƙunƙuni, ya rasa wanda zai fi jin haushi, mai tambayar ko mai amsar. Da fada ta cika ya nemi izini ya yi wa Jatau tambaya ɗaya tak: ina yake da azahar ranar gobara, shi da tsaron rumbu ke wuyansa? Jatau ya ce masallaci. Liman ya yi gyaran murya. Jatau ya ce au, ƙofar gari. Sarkin ƙofa ya dubi ƙasa. A fada kuwa kowa ya san akwai wata bazawara a unguwar marina da Jatau ke kai wa goro, shi kaɗai ke zaton asiri ne.

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ga amsa biyu, duka ƙarya. Da ma'aunin da ya auna Cindo, shi Jatau ne ya ƙone rumbun. Ni kuwa ban ce shi ba ne, domin mutum kan ɓoye abin kunya, mai tuhuma ya ɗauka laifi yake ɓoyewa."

Aka kira surukar ta ba da shaida, ta ce ya ci, har ƙari ya nema. Cindo ya rufe fuska da hula, aka sallame shi da gonarsa.

Sarki ya yafa wa waziri alkyabbarsa, ya sa aka yi shela cewa duk wanda dogari ya kira yana da ikon tambaya ko kama shi aka yi, kuma da me ake tuhumarsa. In ba kamu ba ne ya tafi abinsa, in kamu ne ya yi shiru har masanin shari'a ya zauna kusa da shi. Ya ce shirun mutum ba iƙirari ba ne, kuma hukuncin da aka gina a kan ruɗewar talaka zalunci ne ko da an kira shi adalci.

Ƙaninku na san bai ɗauki kayan kowa ba, amma na san bakinsa, ni na haife shi, in ya ga kaki har abin da ba a tambaye shi ba zai faɗa. Ban yi boko ba, ku kuka yi. Ku daidaita yanzu a gabana wanda zai kira lauyan da wanda zai raka shi, ba mai tashi sai an gama.