Mutum na Goma Sha Ɗaya a Hoto

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, ana ce masa Jibo. Ku saurara da kyau, musamman ku samarin da ke can baya, don na san da kun ji an ambaci ƙwallo kunnuwanku za su miƙe, abin da ba sa yi in ana bayanin alwala.

Shi Jibo ba ɗan wasa ba ne. Bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba, bai taɓa tare ta ba. Aikinsa a kulob ɗin garin, wanda ake kira Walƙiya, wankin jesi ne da zana layin fili. Ranar wasa zai bi gidajen masu tuya ya tara toka, ya tankaɗe ta, ya ja igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya bi ta da gwangwani mai huji yana zubawa. Layin Jibo ba ya karkata, kowa a garin ya san haka. Shekara arba'in da 'yan kai yana wannan aiki.

To, sau ɗaya tak Walƙiya ta taɓa cin kofi, can da daɗewa, kuma a wani birni mai nisa aka buga wasan ƙarshen, 'yan garin kaɗan ne suka je. Mai tsaron gidansu a lokacin wani baƙo ne, Bawale, wanda ya zo cin rani ya buga musu kakar wasa ɗaya. Ana dab da tashi aka ba abokan karawarsu fenariti. Bawale ya yi tsalle ya tare ta, kafaɗarsa ta daki turken raga, ƙashi ya karye. Da suka dawo gida washegari aka kira mai hoto, shi kuwa Bawale yana kwance a gidan mai ɗori. Koci Mamuda ya ƙirga yaransa, ya ga goma.

Ya ce, "Hoton kofi da mutum goma? Sai a ce jan kati aka ba mu. Kai Jibo, sa rigar gola ka zo ka tsuguna nan."

Jibo ya sa, ya tsuguna, kofi a gabansa, ana ta dariya. Daga ranar aka riƙa tsokanarsa da Gola. Bawale ya warke ya koma ƙauyensu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Koci Mamuda ya rasu. 'Yan wasan nan, wasu suka rasu, wasu suka watse a duniya. Masu dariyar suka ƙare, hoton ya rage a bangon ofishin kulob, yana ta yin ja.

Ana nan, sai kulob ya yi sabon ciyaman, Alhaji Nalado, wanda ko haihuwarsa ba a yi ba ranar da aka ci kofin. Mutumin kirki ne, kada ku ce na zage shi. Ya ce abin kunya ne a manta da tsofaffin 'yan wasa da kococi, don haka za a rubuta sunayensu a bangon fili, a yi taro, shi kuma zai biya kujerar Makka ga wanda ya tare fenaritin nan. 'Yan kwamiti, duk yara ne, suka sauko da hoto suka goge ƙura. Ga mutum sanye da rigar gola, ga shi kuma tun suna ƙanana suna jin ana ce masa Baba Gola. Me ya rage?

Suka same shi a bakin famfo, hannunsa cikin kumfa. Alhaji Nalado ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Baba, ka yafe mana. Kai ka ɗauko mana kofi, mu kuma muka bar ka kana wanki. Bana in Allah ya yarda da kai za a yi Arfa."

Jama'a, ku san wane ne ake gaya wa wannan magana. Mutum ne wanda duk shekara in maniyyata za su tashi sai ya raka su tasha, ya tsaya har motar ta ɓace, ya dawo yana share ido yana cewa ƙura ce. Ku saurara: bai yi ƙarya ba. Shiru kawai ya yi. Suka ɗauka kunya ce irin ta dattawa, suka yi masa sallama suka tafi.

Daga wannan rana zama ya gagari Jibo. Ya zauna ya tashi, ya shiga gida ya fito. Jesin da ya wanke ya shanya, sai ya sauko da su ya sake wankewa. A sa masa tuwo, ya yi loma biyu ya ture. In ya tayar da salla sai ya ga kofi a gabansa, ya rasa ko raka'a ta biyu yake ko ta uku. Mutane na tare shi a hanya suna "Alhaji, Alhaji," kowace gaisuwa kamar an ɗora masa bulo a ka.

Ya tafi wurin Mati, kyaftin ɗin wancan zamani, shi kaɗai ya rage a garin cikin waɗanda suka san yadda aka yi.

Mati ya ce, "Na ji, kuma na yi shiru da gangan. Jibo, shekara arba'in kana wanke zufar 'ya'yan mutane, wa ya taɓa ba ka ko hula? Bawale kuwa wa ya san inda yake? Ƙila ma ya daɗe a ƙasa. Karɓi abinka, Allah ne ya ba ka."

Jibo ya ce, "In kuma yana raye fa?"

Mati ya ce, "Kai dai ka cika neman wahala."

Jibo ya fito, maganar Mati ta yi masa daɗi, kuma daɗin ne ya fi tsorata shi. Ya koma gida ya tarar da matarsa Tabawa ta tara maƙwabta ana shawarar dambun naman da za a yi masa guzuri. Da suka watse ta dube shi ta ce, "Malam, wai lafiya? Kwana huɗu kana zagaya gidan nan kamar kazar da ke neman wurin ƙwai."

Ya ce, "Kujerar nan ce."

Ta ce, "Ba don wankin suka ba ka ba?"

Ya ce, "Don fenariti ne."

Ta ajiye muciyar da ke hannunta, ta ce, "Wace fenariti kuma, Malam?"

Ranar Asabar akwai wasa, Jibo ya ja igiya ya zuba toka kamar kullum. Da ya kai ƙarshe ya waiwaya, sai ya ga layin ya karkace kamar sawun maciji. 'Yan wasa suna ta dariya, suna cewa Baba tun yanzu hankali ya tafi Makka. Shi bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon layin nan, ya daɗe.

Washegari da safe ya buɗe akwatinsa ya ciro tsohuwar rigar golan, wadda ya adana duk shekarun nan, ya naɗe ta a leda, ya hau motar kasuwa. Sunan ƙauyen su Bawale kawai yake tunawa. Ya sauka a inda ba nan ba, ya sake hawa wata, ya ƙarasa da ƙafa, bai isa ba sai bayan azahar.

A teburin mai shayi ya yi tambaya. Aka kwashe da dariya.

Mai shayi ya ce, "Bawale Mai Kofi? Wannan tsoho da ya shekara arba'in yana shirga mana ƙarya? Ai asirinsa ya tonu. Duba nan."

Ya nuna masa takardar sanarwar taron, wadda wani direba ya kawo aka manna a jikin tebur. Ga hoton nan. An zagaye fuskar mai rigar gola da jan biro, an rubuta a ƙasa: Jibo Gola, gwarzon kofi. Mai shayi bai gane shi ba, don tsufa ya canza shi. Ya ci gaba, "Mun ce masa, Baba, ga hoto, nuna mana kanka. Ya kasa. Jikokinsa ma yanzu ba sa zama a nan, don kunya."

Jibo ya ƙura wa takardar ido. Ashe shirun da ya yi a bakin famfo ya riga shi isowa ƙauyen nan.

Ya sami Bawale a ƙofar gida yana tufka igiya, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Ya yi sallama. Tsohon ya ɗago ya ƙura masa ido.

Ya ce, "Jibo? Jibo mai toka?"

"Ni ne."

"Na ga ka zama gola." Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Zauna. Koci fa?"

"Ya rasu, shekara goma sha tara ke nan."

Suka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, wane ya rasu, wane ya makance, wane ba labari, suna yi musu addu'a. Sannan Jibo ya faɗi abin da ya kawo shi, bai rage komai ba, har shirun da ya yi.

Bawale ya ce, "Bar shi kawai. Je ka yi aikin Hajjinka, na yafe maka duniya da lahira. Ni na gaji. Wallahi har ni kaina na fara shakka ko mafarki na yi, sai in kai hannu in taɓa kafaɗar nan in ji ƙullin."

Kun ji jarrabawa ta biyu, kuma ta fi ta farko. Mai haƙƙi da bakinsa ya ce ya yafe. Da ni ne, da ku ne, da mun ce alhamdu lillahi mun nemi motar komawa. Jibo ma sai da zuciyarsa ta yi tsalle. Amma ya waiga ya hango teburin mai shayi.

Ya ce, "Kujerar taka ce, kana iya yafe ta. Sunan maƙaryaci da aka liƙa maka fa? Jikokinka fa, su ma sun yafe? Tashi ka sa riga, Bawale. Ni ba zan tsaya a Arfa da kafaɗar wani ba."

Ranar taro fili ya cika da la'asar. An yi wa bango fenti, an jera sunaye, Koci Mamuda a sama. Ana kiran suna, ana tafi, 'ya'yan waɗanda suka rasu suna fitowa. Da aka kira Jibo Gola fili ya ɗauki ihu. Sai ga shi ya fito riƙe da hannun wani tsoho da ba wanda ya sani. Jibo ya karɓi lasifika.

Ya ce, "Jama'a, ni ban taɓa tare ƙwallo ba. Mutum goma ne ranar hoto, Koci ya ce in cike. Ga wanda ya tare fenariti, sunansa Bawale. Ranar da aka ɗauki hoton yana gidan mai ɗori. Da aka zo mini da maganar kujera na san haka, na yi shiru, saboda ina so. Ku yafe mini."

Hayaniya ta tashi a fili. Wasu na cewa tsufa ne, wasu na cewa an haɗa baki. Alhaji Nalado ya rasa inda zai sa fuskarsa, ga manyan baƙi, ga suna an riga an rubuta. Sai Mati ya miƙe da sandarsa, kansa a ƙasa, ya ce, "Gaskiya ya faɗa. Ina tsaye a bayansa ranar da aka ɗauki hoton. Ni ne ma na ce ya yi shiru." Jibo ya kwance leda ya ciro rigar. Hannun Bawale ba ya ɗaguwa, don haka ya yafa masa ita a kafaɗa. Tsohon ya kama bakin rigar ya rufe fuska, ya yi ta kuka a gaban mutane. Nan take aka kira mai fenti ya shafe suna ya rubuta wani.

Na ga idanunku. Kuna jira in ce wani attajiri ya miƙe ya ce ga kujera ta biyu. Ba wanda ya miƙe. Bawale ya tafi Makka, ya dawo, ya kawo wa Jibo gorar zamzam, ya ce masa, "Na kira sunanka a Arfa har muryata ta dishe." Jibo ya koma bakin famfo. Bayan shekara huɗu ya rasu, bai taɓa ganin Ka'aba ba. Sunansa ma ba ya bangon, don bangon na 'yan wasa ne da kococi. Abin da Tabawa ta ce shi ne, ranar da aka watse daga taron ya cinye tuwonsa tas har ya nemi ƙari, kuma layinsa bai sake karkata ba.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Yabon da ba naka ba haƙƙin wani ne, kuma yin shiru a kansa cin amana ne ko da bakinka bai furta ƙarya ba. Mu nawa ne a nan muke tsugune a hoto da rigar wani? An ce kai ka gyara rijiyar unguwa, ka san wanda ya shiga ramin, ka yi murmushi. An yaba maka a wurin aiki, ka san wanda ya yi wahalar, ka ce na gode. Wanda ya koya maka sana'ar da kake ci da ita yana can ƙofar gida yana tufka igiya, yaushe rabonka da ambaton sunansa? Kada ka jira taro, kada ka jira fenti. Kafin Juma'a mai zuwa, nemi Bawalenka, ka kama hannunsa, ka faɗa a gaban mutane cewa shi ne.

Allah ya jiƙan waɗanda suka yi wahala aka manta da su, ya ba mu ƙarfin halin cire rigar da ba tamu ba tun kafin a cire mana ita.